Baƙi Biyu

Awon ciki na je, ranar Talata,
da ƙanshin ƙuli-ƙuli a hannuna.
Na ce wa ungozoma, kamar da wasa,
"Taɓa nan, ƙarƙashin nonon hagu,
wani abu ne, bai fi ƙwarar gyaɗa ba."
Ta taɓa. Ta daina dariya.

Mako uku takarda ta yi kafin ta dawo daga Yamai.
Lokotoro ya cire tabarau, ya goge, ya mayar,
sannan ya faɗi sunan: sankara.
Baƙi biyu ke nan suka sauka gidana.
Ɗaya shekara shida ina roƙon Allah shi,
ɗayan ko sallama bai yi ba,
kuma akushi guda suke ci.

Gwaggo Kuluwa ta zo daga Tibiri da saiwoyi a ƙulle a bakin zane.
Maƙwabta suka ce jifa ne.
Illa ya zauna a bakin ƙofa har asuba,
ya ce, "Barira, ke na sani.
Shi na cikin ban taɓa ganin fuskarsa ba."
Na ce, "Ni kuwa na san shurinsa."

Lokotoro ya ja kalanda gabana, ya ɗora alƙalami.
Ya ce a bar yaro ya gama haɗa gaɓoɓinsa,
in wata na huɗu ya kama, a fara.
Kwana goma sha tara na jira.
Ina matsar mai da rana, da dare ina auna ƙullutun da yatsa,
ya tashi daga gyaɗa ya koma gurjiya.

Muka sayar da injin niƙa, da akuya mai ciki.
Duk mako uku, motar asuba:
Ƙonni, Dogondutsi, Doso,
ni da leda a cinya, da lemon tsami a hanci.
Maganin ja ne kamar zoɓo,
yana saukowa ɗigo ɗigo cikin jijiyata.
Nakan dafa cibiya in ce,
"Rufe bakinka, wannan ba naka ba ne,
na ɗan'uwan zamanka ne."
Sai in yi shiru in ƙirga.
Ɗaya. Biyu.
Wata rana sai da la'asar ta wuce kafin ya motsa,
ban san na ciji leɓena ba sai da na ji gishirin jini.

Gashi ya bi matsefi ya tafi.
Mai kitson Bagalam ta gan ni a kasuwa,
ta ce, "Kin yi mini yaji ne?"
Na gyara ɗaurin kallabi, na ce, "Sai bayan suna."

A wata na takwas aka tsayar da magani
don jinina ya dawo kafin ranar.
Gulbi ya cika a makon, har yara na kamun tarwaɗa a bakin gonaki.
Daren Alhamis ta faɗo.
Ashe mace ce, wata tara ina ce mata "ka".
Na ƙirga yatsunta sau biyu, ashirin cif,
ga suma baƙa wuluk, duk wadda na rasa tana kanta.

Nonon ya kawo, ya cika, yana zogi,
aka ce kada in ba ta, za a koma kan magani.
Ƙanwata Zulai ta karɓe ta, ta ɗora a dama, ɗanta Nuhu a hagu.
Gwaggo ta ce, "To, an ɓata auren zumunci tun a zanen goyo."
Muka yi dariya. Na juya wajen bango.

Baƙo ɗaya ya zama ɗan gida, an raɗa mata Sa'ade.
Ɗayan yana nan, ya rame, bai tafi ba.
Litinin za a sa masa wuƙa.
Na wanke zannuwa uku, na ninke,
na nuna wa Illa yadda ake tallabe wuyanta.